Wanda Ke Tsayawa a Dama

A hagu kare mai jagora yake tafiya, kowane makaho ya san haka. Amma wanda wata cibiyar bincike ta ba Malama makauniya, tun ranar farko ya zagaya ya tsaya a damanta, inda mijinta yake tsayawa kafin mota ta kashe shi.

"Gwaji ne, Malama," in ji likitan cibiyar, mutum mai baki kamar zuma. "Mun dasa masa ɗan wani abu a kai. Zai san ki fiye da kowane kare."

Ai kuwa ya san ta. Ya san matakalar gidan da ta gutsure, ya san shagon da take sayen sabulu ba tare da ta faɗa ba. Kuma kafin kowace matakala sai ya yi gyaran murya, irin na marigayi sak. Ta shafa kansa, ta ji ɗinki daga kunne zuwa kunne. A nan ta tuna mijin ya yi wasiyya a ba cibiyar gawarsa, har ta yi masa tsiya, "Wannan kan naka, wa zai karɓa ko kyauta?"

Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma kewa ta fi tsoron ƙarfi. Ta riƙe karen.

Sai dai hali zanen dutse ne. Marigayi bai taɓa jiran fitilar hanya ba. "Direbobi suna da ido," haka yake cewa, ya ja ta su tsallaka.

Wata rana da tsakar rana suka iso mahaɗar da ya mutu. Ƙararrawar tsallakawa ba ta buga ba. Karen ya yi gyaran murya, ya ja. Tana jin rurin babbar mota daga hagu.

"Tsaya! Don Allah, maigida, tsaya!"

Ya ƙara ja, a hankali, da ƙauna. Ta saki maɗaurin.

Ƙarar birki, sannan wani tim. Malama ta zube a gefen titi tana kuka, ta rasa miji karo na biyu.

Da la'asar likita ya bugo waya. "Kada ki damu, Malama. Kaɗan muka ɗiba daga ƙwaƙwalwar maigidan, akwai saura da yawa."

Washegari da safe ta ji ana karce ƙofa. Ta kasa kunne. A bayan ƙofar aka yi gyaran murya.