Kabarin Sarkosih a Hanyar Kekuna

Kwana biyu kacal aka yi ana tseren keke a tudunmu na Pasir Kihiang. Kwana biyu! Sauran wasannin gasar ƙasashen duk a birnin Jakarta aka yi su, mu aka jefo mana na keke, wai a birni ba su da tudu. Baƙi sun zo sun tafi, yau shekara huɗu, ni Iyoh ban san inda mijina Sarkosih yake kwance ba.

Makabartarmu a gefen tudun take. Da za a fara yanka hanya, 'yan kwamitin wasa suka zo da takarda suka ƙirga kaburbura, aka tone su aka mayar bayan masallaci. Ni ina asibitin gunduma an ɗaure min ƙafa, ba wanda ya aiko min. Masu dutse da suna suka ƙirga. Sarkosih ba shi da dutse. Hanjuang na dasa masa a wajen kai, ɗan itacen nan mai jan ganye, yadda iyayenmu ke yi. Duk ɗan ƙauyen nan in ya gan shi ya san akwai mutum a ƙasa, sai ya kauce. 'Yan birni suka gan shi suka ɗauka ciyawa ce.

Na je gun mai gari, ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi, Mak, na zaci an faɗa musu." Mak ake kiran dattijuwa a wajenmu, kamar a ce Inna. Ya tura ni ofishin gunduma. Can na tarar da wata mai jan baki tana danna waya. Ta buɗe wani littafi ta bi da yatsa.

"Mak, sunansa ba ya cikin waɗanda aka tona."

"Ai abin da ya kawo ni ke nan, Neng, 'yar nan! Da yana ciki, kyanki zan zo kalla?"

"To sai dai ki ga 'yan kwamiti."

"Ina suke?"

"An rushe kwamitin tun da aka rufe wasa."

"An rushe shi ya koma ina? Ƙasa ta haɗiye su? Ba su da gidaje?"

Ta ce filin na lardi ne yanzu. Na hau mota na je lardi, suka ce na gunduma ne. Sau shida ina wannan zirga-zirga. A kowane ofishi sai a ba ni shayi, a ce in dangwala yatsa a takarda. Na dangwala har na gaji.

Ba wani babban abu nake nema ba. Shekarata saba'in da ɗaya. A nuna min wurin, a tone shi a kai shi bayan masallaci, in ranata ta zo a haƙa min kusa da shi. Shi ke nan.

Tudun yanzu waya ce kewaye da shi, da kwaɗo a ƙofa. Mai gadin Encep ne, na san shi tun yana yawo ba wando, ga shi yau da furfura. Watan Sha'aban da ya wuce, kowa ya tafi ziyarar matattunsa kafin azumi, na cika buta, na ƙunso furanni a ganyen ayaba, na je na tsaya masa a ƙofa.

"Mak, so kike a kore ni?"

"A kore ka mana. Me kake gadi? Ƙadangaru?"

Ya yi dariya, ya duba hagu da dama, ya buɗe. "Kafin la'asar ki fito, don Allah."

Da can daga bishiyar mangwaro nake ƙirga taku ashirin zuwa gabas. Babu mangwaron. Babu ma gefen tudun, sun yanke shi sun baje ƙasar. Sai wata hanya mai lanƙwasa da ruwan sama ya zaizaye, da allunan da rana ta cinye rubutunsu. Na ce ba komai, in saiwar itacena ta tsira zan gane shi.

Encep ya biyo ni, da muka sha kwanar farko sai na tsaya cak. Hanjuang ne gefe da gefen hanya, a jere, ja wur, daga saman tudu har ƙasa. Sun fi ɗari uku.

"Encep, wa ya mutu haka?"

"Ba kowa, Mak. Ado ne. Wai don hanyar ta fito da kyau a talabijin."

"Ado? Da alamar matattu?"

Na ce to a nemo min wanda ya tuƙa motar da ta yanke wurin, shi ya san inda ya tura ƙasar. Ya ce mutumin ya tafi aiki can tsibirin Kalimantan, ko sunansa na gaskiya ba wanda ya sani.

"Ki zaɓi ɗaya ki zuba, Mak. Allah ya san wanda kike nufi."

"Allah ya sani. Masu haƙa nawa kabarin fa, su ma sun sani?"

Ya kau da kai. Na daɗe a tsaye, butar ta yi min nauyi. Daga baya na durƙusa gun na farko na ɗiga masa ruwa kaɗan, na sa fure ɗaya, na yi Fatiha. Na matsa na biyu. Ina tsimin ruwan, ina ja da gwiwa. A na goma sha bakwai butar ta ƙare, na girgiza ta, ba ko ɗigo. Sauran suna nan jere har ƙasan tudu. Ladan ya kira la'asar daga ƙauye, Encep ya zo ya kama ni a hannu ya ɗaga ni.