Ramin da Injiniya Ya Rufe

Ciwon ɗan ƙanena ɗaya ne, raina abin da ya tarar. Injiniya muke ce masa, ba don ya karanta ba, don dai ba ya rabuwa da tef ɗin awo.

A tsakar gidanmu akwai ramin da ubansa ya haƙa ya cika da tsakuwa, dab da gindin mangwaro. Duk indararon gidan can yake zuba. Ƙasa ta sha, bishiya ta sha, mu kuma mu samu inuwa. Ko rana ta take tsaka, wurin da sanyinsa.

Da Injiniya ya sayi mota sai ramin ya tsone masa ido.

"Baba, taɓo yana ɓata min taya. Siminti zan malala."

"Ruwan fa, ina za shi?"

"Titi mana."

"Titin da aka ɗaga bara? Ya fi ƙofarmu tudu. Ruwa zai hau tudu ne don ka sayi mota?"

"Ku dai komai sai an bar shi yadda yake."

Maginin da ya kira ma ya ce, "Maigida, bar wa ƙasa ko taku biyu ta yi numfashi." Injiniya ya ce aiki ya kira shi, ba wa'azi ba. Na yi magana har bakina ya gaji, aka shafe tsakar gida tas.

Kafin wata biyu wurin ya koma kasko. Matarsa tana tsallen zafi da bokitin wanki ta ce, "Injiniya, zo ka auna mana wannan ma." Mangwaro ya fara kakkaɓe ganye. Injiniya ya ce shara ta yi yawa, ya sa aka sare shi.

Wata rana da yamma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya nufi ƙofa, titi ya maido shi. Ya cika tsakar gida, ya zarce ɗakin Injiniya, wanda ya fi kowane gangare.

Injiniya ya zo min wando a naɗe, ruwa har gwiwa.

"Baba, ina diga?"

"Me za ka haƙa?"

Na nuna masa bayan ƙyaure.

Kwana uku yana fasa simintinsa da hannunsa. Ya rasa katifa biyu, firji, takardun makarantar 'ya'yansa da injin motar da ruwa ya shiga. Ya rasa kuma bishiya mai shekara talatin.