Gurgu Na Jan Gurguwa

Tun da ciwon gwiwa ya kama mijinta, ya kafe a tabarma. A asibiti an ce ya riƙa tattaki, ita ma ta yi magiya har ta gaji, ko gezau.

Sai goɗiyarsa ta gurɗe a ƙafa. Likitar dabbobi ta yi mata allurar rage zafi, ta naɗe ƙafar, ta ce kullum a ja ta a hankali. Goɗiyar kuwa ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Haka suka riƙa fita, gurgu na jan gurguwa, yana lallashinta.

Ranar kwance bandeji, matar ta ja likita gefe.

"'Yata, Allah ya saka miki. Ta warke?"

"Garau, Mama."

"To rufa min asiri, kar ki gaya masa. Shi da saura."