Saura Ɗaya

"Saura ɗaya!"

Ta katanga na jiyo ihun, ina tsakiyar daka filanten, wato ayabar dafawa, na karin kumallo. Na ajiye na zagaya. Eladio, wanda muka shekara talatin muna maƙwabtaka, yana kwance ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Nereida, na sake faɗa, ko?"

"Ka faɗa. Har kajin bayan layi sun ji."

Bai yi dariya ba. Kwana tara ke nan da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa a gida, kuma duk barcin da ya sace shi, filin wasa yake mayar da shi.

Babu wanda bai san labarin ba a unguwarmu. Da ƙuruciya shi ne mai cafe ƙwallo a ƙungiyar besbol ta garinmu, amininsa Fermín kuma mai jifa, wanda ke jefo masa ƙwallon abokan hamayya na ƙoƙarin bugunta da sanda. Wata Lahadi Fermín ya fitar da mabuga ashirin da shida a jere. Da ya fitar da na ashirin da bakwai, da ya kafa tarihin da ƙungiyar ba ta taɓa gani ba. A irin wannan rana kuwa ba a furta abin da ke faruwa, ko kusa da mai jifan ba a zama, gudun kada baki ya kama shi. Sai Eladio, don zumuɗi, ya taka har gabansa ya ce, "Saura ɗaya." Jifa na gaba aka daki ƙwallon ta tsallake katanga, tarihin ya bi ruwa.

Shekara arba'in da shida Fermín bai ƙara ce masa uffan ba. Gari kuma ya laƙaba wa Eladio Baƙin Baki, har yaran da aka haifa jiya suna kiransa haka.

"Je ki kira min Fermín," in ji Eladio. "Ba na so in tafi da wannan."

Layi uku ne tsakaninsu. Na tarar da Fermín a ƙofar gida yana shan kofi. Ko gaisuwa ban yi ba.

"Mutuminka na mutuwa."

"Ba ni da mutum."

"To tashi ka je ka ga wanda ba ka da shi ɗin. Tsofai-tsofai da kai, jikoki bakwai, kana gaba a kan ƙwallo? Ko kunya!"

Na zaci zai kore ni. Sai ya ɗauki hularsa. Muna tafe yana jan ƙafa, ni kuma kamar in sungume shi. Daidai shagon aski ya tsaya cak.

"Ba bakinsa ba ne, Nereida."

"Me?"

"Da ya koma ya tsuguna, ya nuna min yatsu biyu, wato in murɗa ƙwallon. Na girgiza kai. Ya sake nunawa, na sake ƙi. So nake in gama da ƙarfin damtse, a ce kai, Fermín! Na miƙa wa mai bugun ita sambal, kamar kyauta."

"Shi bai gani ba?"

"Ya gani mana. Ya ɗauka maganarsa ce ta juya min kai."

"Ka bar gari na zaginsa?"

"Da farko cewa na yi gobe zan faɗa."

Ban taɓa tsanar mutum kamar a wannan lokacin ba, kuma duk da haka tausayinsa ya kama ni. Na fizgi hannunsa muka ci gaba.

Ko da muka shiga, magana ta riga ta ɗauke wa Eladio. Numfashi kawai, sama-sama. Amma idonsa ya gane mai shigowa. Fermín ya tsaya a ƙarshen gado yana murza hula.

"Eladio, ni ne. Ranar nan… ba kai ba ne. Ni ne."

Ban san ko ya ji ba, har yau abin na damuna. Hannunsa dai ya motsa a kan zanen gado, hannun nan mai karkatattun yatsu da ƙwallo ta sha karyawa. A hankali ya naɗe uku, ya bar biyu.

Fermín ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya gyaɗa kai.

"To," ya ce. "Ita zan jefa."

Da rai ya yi halinsa, ni na rufe wa Eladio ido. Yatsun kuwa babu wanda ya iya taɓa su a cikinmu.