Ɗaurin Kabarin Ovide

Ranar da hukuma ta ce kowa ya bar ƙauyen Belle Anse kafin la'asar, Verna ta tarar da mahaifiyarta zaune a baranda sanye da kayan zuwa coci, jaka a cinya, ba ta haɗa ko tsinke ba.

"Mama, ina kayanki? Rediyo ya ce guguwar ta juyo kanmu."

"Na ji," in ji Leontine. "Kai ni wajen babanki tukuna."

Verna ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta fasa. Ko sati biyu ba a yi da binne mahaifinta, Ovide Lastrapes, ba. A nan kudancin Louisiana, in ka haƙa rami ruwa ne zai tare ka, don haka a cikin akwatin siminti ake ajiye mamaci, a bisa ƙasa. Kowa kuwa ya san abin da ambaliya ke yi wa sabon kabarin da murfinsa bai gama kamawa ba. A guguwar baya, can cikin gonar rake aka tsinci akwatin wata tsohuwa, aka yi wata da watanni ba a gane ko ta wane gida ba ce.

Suka hau hanya. Duk motoci arewa suka nufa, cike da katifu da karnuka da yara, su kaɗai ne suka yi kudu. Verna ta lura ruwan kwalbati baya yake gudu, daga teku zuwa cikin ƙasa. Shanu sun cure wuri guda a kan tudu, ba mai kiwo a cikinsu. Sama ta yi wani irin rawaya marar kyan gani, ko tsuntsu ɗaya babu.

A ƙofar maƙabarta suka ga a-kori-kurar Clovis. Shi ne wanda ya yi rayuwarsa kaf yana tsaye a gefen Ovide a wuraren rawa, allon ƙarfe rataye a ƙirjinsa yana karta shi da cokula, Ovide na jan akodiyon, abin kiɗan nan mai kama da zuga-zugi. Tun tana ƙarama Verna ke ce masa Nonk, wato kawu. Ga shi yanzu durƙushe gaban kabarin, da turakun ƙarfe da igiyoyin ɗaure kayan babbar mota.

"Kin makara, 'yar Ovide," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Halin ubanki ke nan. Sai mun gama jera kaya ya iso yana washe baki."

"Nonk, kai da likita ya hana ɗaukar ko bokiti, kake ɗaga guduma?"

"Zuciyar taki ce ko tawa? Riƙe min turken nan."

Ta riƙe, ya dinga bugawa, yana haki yana surutu. Ya ce shi fa bai taɓa sanin daɗin kwanan otal ba saboda mutumin nan da ke kwance. Ko a Houston suka yi wasa, da an tashi Ovide zai rufe akodiyon ya ce a kama hanya, don ba ya son 'ya'yansa su zauna karin kumallo kujerarsa ba kowa.

"Kin tuna baturen da ya zo zai kai mu ƙasashen waje? Har na ɗinka kwat. Ubanki ya ce ƙaninki na fama da asma, ba inda za shi. Na yi wata ban yi masa magana ba, shi kuwa kullum sai ya aiko min da miyar gumbon da Leontine ta dafa."

Verna ta tuna. Ta tuna mahaifinta yana dawowa daga injin casar shinkafa fari fat da ƙura, ya wanke hannu kawai ya zauna a matakalar baya ya ɗauki akodiyon, su kuma suna tsalle a gabansa har a kira su cin abinci. Ranar Asabar mutane daga garuruwa suke zuwa jin kiɗansa. Sauran ranakun nasu ne su kaɗai.

Iska ta taso ɗumi-ɗumi, ta kwanta, ta sake tasowa. Verna ta ji sanyi a ƙafarta, da ta duba sai ta ga ruwa ya shigo tsakanin kaburbura shiru, har ya rufe mata takalmi. Wani curin jajayen tururuwa ya wuce ta gefenta yana yawo a kai. Ta dangwala yatsa ta ɗanɗana. Gishiri. Ruwan teku ne.

"Mama, tashi mu tafi."

Leontine na zaune a gefen kabarin, tafin hannunta a kan simintin.

"Ku je," ta ce. "Tun da ya aure ni bai taɓa barina na kwana ni kaɗai ba. Yau ni zan bar shi cikin ruwa?"

"Mama, don Allah! Baba ya riga ya tafi. So kike na rasa ku duka a wata ɗaya?"

Tsohuwar ko gezau. Clovis ya ajiye guduma, ya goge fuska da hularsa, ya zauna kusa da ita. Ya zaro makullin mota ya fara ƙwanƙwasa turken ƙarfe a hankali, yana rera waƙar da Ovide ke rufe kowace rawa da ita, wadda ya yi wa Leontine tun suna saurayi da budurwa. Muryarsa ta dishe, iska na kwashe rabin kalmomin. Da ya kai ƙarshe sai ya ce:

"Leontine, in kika zauna a nan, ni zai tuhuma. Kin san bakinsa. Ban iya da shi a duniya ba, kar ki haɗa ni da shi a lahira."

Ta yi wata 'yar dariya da hawaye, ta miƙa masa hannu ya tashe ta.

Sai dai turken wajen kai ya ƙi kamawa, ƙasar ta yi laushi, da an ja igiya sai ya tumɓuke. Clovis ya ce yana da sarƙa a gida, ba nisa, zai ɗauko ya ɗaure a jikin itacen nan na kusa, ya biyo su.

"Nonk, bar shi haka. Shiga motata."

"Aikin ubanki zan bari rabi? Ke dai kai mamanki. Kafin ku kai gada ina bayanku ina muku ham."

Ba ta so ba, amma ruwa ya fara lasar taya. Suka tafi. A wasu wuraren ba ta ganin kwalta, sandunan waya take bi. Tana ta duban madubi, ba kowa a baya. A bakin gada ɗan sanda ya ɗaga musu hannu su yi sauri, ya ja shinge ya rufe bayansu. Ta ce masa akwai wani dattijo a can. Ya dubi hanyar, ya ce zai sanar. Ta kira wayar Clovis, tana ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ma ta daina shiga.

A gidan 'yar'uwarsu a garin Alexandria, can arewa da ƙauyen, suka ji wucewar guguwar. Da aka ba da izinin komawa, a kwalekwalen wani maƙwabci Verna ta isa maƙabartar. Kaburbura da yawa sun buɗe, wasu ba alamarsu. Na Ovide na nan daram, sarƙa ta zagaye shi sau biyu, an ƙulle ta a gindin itacen. A-kori-kurar Clovis tana kwalbati kusa da ƙofa, a karkace, ƙofar direba a buɗe.

Bayan kwana biyu masu bincike suka sami gawar Clovis a gonar raken da ke bayan coci.

Verna ta koma Alexandria ta sami mahaifiyarta a kicin tana yanka albasa. Ta gaya mata kabarin na nan, sannan ta gaya mata sauran. Leontine ta ajiye wuƙar.

"Clovis yana da 'ya a Houston," ta ce. "Kar ta ji a bakin baƙo. Kira min ita, ni zan gaya mata."