Yis Mai Son Sanyi

Tani ta tura ƙofar firij da gwiwa, ta jera farantan gilashi biyu a kan teburin gwaji. Kwana biyar ke nan da ta shafa musu ruwan tanki na shida, ta sa ɗaya a akwatin ɗumi, ɗaya a sanyi. Na ɗumin fes yake, kamar ba a taɓa shi ba. Na sanyin kuwa ya cika da ɗigo-ɗigo farare masu ƙiba.

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ja kujera ta zauna.

Masana'antar da ta ɗauko ta daga Zariya zuwa Jidda shekara uku da suka wuce lemon sha'ir take yi, irin wanda babu barasa a ciki. Yis ɗin da suke amfani da shi na musamman ne: ba ya iya cin babban sukarin sha'ir, ƙanshi kawai yake bayarwa, da an sanyaya tanki kuma sai ya kwanta. Amma a makon jiya da aka auna tanki na shida, sai aka iske barasa ta hau. Allah ya sa ba a kai ga zuba shi a kwalba ba. Aka malalar da shi gaba ɗaya, mudir, wato manajan masana'antar, ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, kafin la'asar kuma ya samo mai laifi: Abdulghani, shugaban masu wanke tankuna. Yau ƙarfe biyu za a miƙa masa takardar sallama.

Ta sake duban farantin sanyin. Da datti ne ya shiga tanki, da yis ɗin titi za ta gani, irin mai rayuwa a zafin Jidda, kuma shi a ɗumi yake tsirowa. Wannan kuwa ɗumin ma ya gagare shi. Baƙo ne, kuma ƙofa ɗaya ce baƙo yake shigowa ta cikinta.

Ta tashi ta buɗe firiza, ta ɗauko ragowar kwalbar irin yis da aka aiko musu daga Turai. A jikin kwalbar akwai lambar takardar karɓa. Ba sai ta duba fayil ba, ta san wanda ya sa hannu. Ranar ne makarantar 'yarta ta kira cewa zazzaɓi ya rufe yarinyar, ga kuma masu tanki suna jira. Ta karanta shaidar kamfanin da ya aiko, ta ga hatimi, ta sa hannu, ta kama tasi zuwa unguwar Safa. Gwajin da ya kamata ta yi, ba ta yi shi ba.

Ƙarfe tara da kwata. Gwajin ƙwayoyin gado awa huɗu yake ci idan komai ya tafi daidai. Ta ɗebi kaɗan daga faranti, kaɗan daga kwalba, ta fara aiki.

Wajen sha biyu da rabi aka ƙwanƙwasa gilashin ƙofa. Abdulghani ne, da dogayen takalmansa na roba da hular leda a kan furfurarsa. A unguwar Madain Fahd ta nan Jidda aka haife shi, iyayensa sun zo hajji daga Katsina ba su koma ba. Shekara ashirin da shida yana wanke tankunan nan.

"Daktora, na zo mu yi sallama tun da sauran lokaci. Ba na son in yi ta a gaban mutane."

"Shigo, Baba. Kada dai ka taɓa komai."

Ta nuna masa farantan. Ya sunkuya yana ƙyafta ido.

"Wannan fari-farin shi ne ya kore ni?"

"Shi ne. Amma ba daga wankinka ya zo ba. Ina zaton yis ɗin masu giyar Turai ne, wadda suke dafawa a sanyi. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce, yis irin na burodi ya haɗu da wani na daji da ke zaune a ɓawon itatuwan ƙasashen ƙanƙara. Abin da suka haifa ya ɗauko gadon kowanne: cin sukari daga wannan, jure sanyi daga wancan. Mu muna sanyaya tanki don namu ya yi barci, shi kuwa a lokacin yake ɗaura ɗamara."

"Ya salam. Ruwa biyu ne ke nan, kamar jikokina." Ya ɗan yi dariya, sai kuma ta tsaya masa. "Tayyib, ta ina ya shigo?"

Ta nuna kwalbar da haɓa.

Abdulghani bai yi makaranta mai nisa ba, amma ya san yadda takardu suke tafiya a gidan nan. Ya dubi kwalbar, ya dube ta.

"Wa ya karɓe ta?"

"Ni."

Ya cire hular ledar ya murɗe ta a hannu. "La, la. Halas, Daktora, ki mayar da ita firiza. Ke wata mai zuwa za a sabunta miki kwantiragi. Iƙamar 'yarki, takardarta ta zaman ƙasa, a jikin taki take. Ni na tsufa, ko ba yau ba..."

"Idan suka sallame ka, wa zai zama kafilinka, ya tsaya maka ka ci gaba da zama a ƙasar nan?"

"Allah karim."

"Baba, ka taɓa zuwa Katsina?"

Ya girgiza kai.

"To, ni na san hanyar Zariya. Kuma ba maganarka kaɗai ba ce. Da kwalbar nan aka shuka tanki na bakwai shekaranjiya. In na yi shiru, wani makon a sake malalarwa, ko kuma a wayi gari ba a auna ba, mutane su sha shi da barasarsa a kan abinci. Je ka ka yi sallar azahar, ka bar ni da aikina."

Bayan fitarsa ta koma kan aikinta. Ta ɓata ɗan rami ɗaya a jikin farantin gwajin, dole ta sake zubawa. Ta tuna 'yarta Shahad, wadda yanzu Larabcinta ya fi Hausarta, da ɗakinsu mai kallon filin wasa. Sannan ta ci gaba. Ko shayi ba ta sha ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi hoton ya fito a kwamfuta. Yis ɗinsu na gida layi ɗaya ya bayar. Na farantin sanyi ya ba da layi biyu, na uwa da na uba. Na kwalbar Turai ya ba da ukun duka. Ta buga hoton, ta zaro takardar karɓa daga fayil ta haɗa, ta hau sama.

Mudir yana zaune da takardar sallamar a gabansa. Ta yi masa bayani da Larabcinta na kasuwa, inda ya gagara ta cike da Turanci. Tana cikin magana fuskarsa ta fara sakewa.

"Mumtaz, madalla! Ashe laifin masu aikowa ne. Yau ɗin nan zan rubuta musu." Ya tura takardar Abdulghani gefe. "Na gode, Daktora."

Daga nan za ta iya tashi. Bai tambayi komai ba, hannunsa ma ya riga ya kai kan waya.

"Akwai shafi na biyu, ya mudir."

Ya juya shafin. Ya karanta kwanan wata, ya karanta gurbin gwaji da aka bari babu komai, ya tsaya a kan sa hannun.

"Kin san dole in tura wannan sama, wurin masu kamfani? Kuma su ne masu maganar kwantiraginki."

"Na sani."

"Da kin cire shi, ba zan nema ba."

"Shi ma na sani. Abin da nake roƙo, a dakatar da tanki na bakwai yanzu. Kuma duk irin da ya iso, ya kwana biyar a hannun ɗakin gwaji kafin ya ga tanki, ko ni ce a wurin ko wani."

Ya daɗe yana juya biro a yatsunsa. Daga ƙarshe ya rubuta wani abu a gefen takardar, ya ce ta je, za ta ji daga gare su ranar Lahadi.

A ƙasan matakala ta iske Abdulghani. Ya canza kaya zuwa farar jallabiya, da ledar kayansa a hannu. Ya buɗe baki zai yi tambaya.

"Baba, wa ya ce ka tuɓe? Za a malalar da na bakwai. Ina son a wanke shi da ruwan zafi sau biyu, har bututun ƙasa, kafin a tashi."

Ya tsaya yana kallonta, idanunsa sun yi ja.

"Ke fa?"

"Ni sai Lahadi. Tankin kuwa yau ne."

Ya ajiye ledar a kan matakala, ya fara naɗe hannun jallabiyarsa.