Baƙo a Zauren Malam Nasidi

A Ƙofar Jatau ta birnin Zazzau, Filibus ya sauka daga keken aro, ba don hanya ta lalace ba, sai don ƙafafunsa sun ƙi taka feda. Ya tsaya a inuwar ganuwa yana share zufa da hannun riga. Rana ta take tsaka, zafin bazara ya kori ko awaki daga hanya, can gabas kuma hadari ya fara leƙowa. Hadarin nan shi ya hana shi sake ɗaga tafiya, don in damina ta sauka hanyar Fallomi, wadda ake bi zuwa Sudan, ta rufe ke nan sai baɗi. Motar da za ta ɗauke su, shi da matarsa Rifkatu, bayan la'asar za ta tashi, direban kuwa ya riga ya faɗa musu ko uwarsa ba ya jira.

Sudan za su. Mishan ce ta tura shi wurin Hausawan da suka yada zango a hanyar Makka har suka zama 'yan gari, ya yi musu magani, ya yi bishara. Cikin waɗanda suka riga shi zuwa akwai wanda a can aka binne shi. Ran Lahadi Filibus ya tsaya gaban jama'a a Wusasa ya ce kada kowa ya damu da guzurinsu, Allah ya riga ya ajiye musu abinci a hannun mutanen da ba su ma san su ba. Jama'a suka ce amin. Rifkatu ma ta ce amin da ƙarfi, amma suna komawa gida ta ƙulle ƙuli-ƙuli a gefen zane, ta ce ko da mutanen za su makara.

Abin da bai faɗa a majami'a ba shi ne, ba yunwa yake tsoro ba. Abin da yake tsoro shi ne ya mutu a wata uwa duniya bai sake ganin uwarsa ba.

Sunansa na yanka Ƙasimu. Yana yaro gyambo ya kama shi a ƙwauri, aka yi na gargajiya har aka gaji, ƙafa ta fara wari. Uwarsa Hajo ta ɗora shi a jaki, ba da son maigida ba, ta kai shi asibitin mishan. Jinya ta yi tsawo. Yaro ya koyi boko a kan gado, ya koyi waƙoƙinsu, ya koyi addu'arsu. Da labari ya iso unguwarsu Kusfa, ubansa Malam Nasidi ya aika a dawo da shi ko da ƙafar ba ta warke ba. Ƙasimu ya ce ba zai koma ba. Malam Nasidi ya rantse a gaban maƙwabta cewa muddin yana numfashi yaron nan ba zai ƙara wuce zaurensa ya shiga gida ba, bakinsa kuma ba zai ƙara kiran sunansa ba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, kuma duk Kusfa an san Malam Nasidi ba ya karya rantsuwa.

Filibus ya tura keken cikin lunguna, kansa a ƙasa. Ya ga rijiyar da yake ɗiban ruwa, ya ga bishiyar kurna ta girma ta fi gidansu. Zauren na nan yadda yake, sai dai yaɓen ya zube ta gefe guda. Ya yi sallama, murya ta fito masa siririya kamar ta mai bara.

Tsohon yana zaune a kan buzu, ya rame, gemu ya yi fari fat. Ya ɗaga kai ya dubi mai sallama. Ya daɗe yana duban sa. Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Filibus ya ji kalmar "Baba" ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta da ƙyar, don ya san tana fita an gama.

"Wa alaikumus salam," in ji Malam Nasidi. "Daga ina baƙo?"

Filibus ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, matafiyi ne."

"Matafiyi ba ya tsayawa a rana. Shigo."

Ya shiga ya zauna a bakin tabarma. Gaba da shi ga ƙofar cikin gida, an rataya mata tsohon asabari. Tsakaninsa da ita bai fi taku kaɗan ba. Amma baƙo namiji iyakarsa zaure, ko yaron goye ya san wannan. Sai yanzu ya gane irin ƙofar da aka buɗe masa: an karɓe shi, kuma karɓar da aka yi masa ita ce ta tare shi.

Tsohon ya dafa bango ya tashi, ya shiga ciki, ya dawo da ƙwaryar ruwa da kansa. Gidan da a da yara ke cika shi yanzu ba ko mai miƙo buta. Filibus ya yunƙura zai karɓa tun daga nesa, tsohon ya ce, "Zauna. Baƙo ba ya aiki."

Ya sha ruwan. Randar nan ce, ya san ƙamshinta.

"Ina aka nufa?"

"Gabas, Malam. Sudan."

"Hajji?"

Ƙarya ɗaya tak za ta sauƙaƙa komai, amma Filibus ya san tsohon nan, ya kuma san kansa. "A'a, Malam. Aikin mishan ne. Magani da wa'azi."

Malam Nasidi ya ja carbi sau biyu da ƙarfi. Filibus ya dubi takalmansa a bakin ƙofa, yana jiran a ce ya ɗauka.

"Da dawowa?"

"Sai yadda Allah ya yi."

"Ina guzurinka? Ban ga ko salkar ruwa a kekenka ba. Hanyar nan na san waɗanda ta cinye, masu raƙuma ma. Wa zai ciyar da kai?"

"Wanda ya shayar da ni yanzu, Malam."

Tsohon ya yi wani ɗan tari wanda ba tari ba ne. "Baki dai akwai shi," ya ce, ya sake shiga ciki.

Wannan karon da akushi ya fito, tuwon dawa da miyar kuka. Ya ajiye ya koma kan buzunsa. "Ci. Ba matafiyin da ke wuce zauren nan da yunwa. Tsohuwar gidan ce ta ɗora wa kanta. Kullum sai ta ƙara gari a tukunya, ko da wa ko ba kowa. Na yi faɗan har na bari. Ta ce ita ma tana da wani a hannun mutane."

Filibus ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa a zuci. Ya kai loma ta farko baki. Daddawar ta yi yawa, yadda ta saba yi, yadda Malam ya shekara arba'in yana ƙorafi a kai. Tana raye, tana da ƙarfin tuƙa tuwo, kuma tana bayan asabarin nan ba ta san wa take ciyarwa ba. Malam ba zai faɗa mata ba, bakinsa a ɗaure yake. Shi kuma in ya ɗaga murya ya kira ta, ya kunyata tsoho a zaurensa.

Inuwar ƙofa ta fara karkata. Ya tuna Rifkatu zaune a kan akwati a tasha tana duban hanya.

Sai ya dubi tuwon. Yana yaro ba ya cin tuwo daga gefe kamar mutane. Tsakiya yake haƙawa, ya cinye ciki, ya bar gefen a tsaye zagaye, har ya ɗan fasa ƙofa ta gefe guda. Inna takan ɗaga akushi ta nuna wa mata tana dariya, ta ce ga sarkin gini ya sake yi wa gari ganuwa. Malam kuwa sau da yawa ya buge masa hannu a kan haka.

Ya sa hannu a tsakiyar tuwon. Namiji mai gemu, mai bishara, yana wasa da abinci a gaban mahaifinsa! Ya ci ciki, ya gyara gefen da ɗan yatsa, ya fasa ƙofar. Ya tura akushin gaba ya ce, "Na gode, Malam. Allah ya saka."

Malam Nasidi ya matso ya leƙa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ga murfi a gefe, ga awaki a lungu suna jiran ragowa, kuma da babban yatsa ɗaya zai iya rushe ginin nan kafin ya kai asabari.

"A garinku haka ake cin tuwo?"

"Haka na taso, Malam."

"Ba a yi maka tarbiyya ba."

Tsohon ya ɗauki akushin da hannu biyu, a hankali, kamar mai ɗauke da nono cike da ƙwarya. Bai rufe ba. Ya shige ciki.

Filibus ya kasa kunne. Ko idonta ya mutu ne? Ko ta manta? Ko ta gani ta ce ba ruwanta da wanda ya jawo mata zagin unguwa shekara da shekaru? Ya fara addu'a, ya rasa abin roƙa, ya ce, "Ya Ubangiji," ya tsaya nan.

Wani abu ya faɗi a ciki, kamar ludayi. Aka yi magana ƙasa-ƙasa, muryar namiji, gajeriya. Can sai ƙamshin gyaɗa da ake soyawa ya biyo iska, bayansa turmi ya fara amsawa. Dakan tsohuwa ne, tana yi tana hutawa, amma ba ta bari. Ya ji ƙamshin citta da barkono. Dakuwa ake yi. Tun yana yaro in ya yi zazzaɓi ba abin da ke shiga bakinsa sai ita. Ya kifa fuska a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

Daka ba ya sauri don mutum yana sauri. Inuwa ta ƙetare bakin ƙofa, iskar hadari ta fara ɗaga ƙasa a lungu. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. In ya tafi yanzu zai sami mota, ya tafi da ƙarar turmi kaɗai. In ya tsaya, wataƙila ya rasa mota, ya bar matarsa a tasha da kaya, ya kuma tashi da ƙullin dakuwa ba tare da ya ga mai dakan ba. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. La'asar ta yi.

Malam Nasidi ya fito da buta, hannunsa ba ƙulli. Ya tsuguna a bakin zaure ya yi alwala, bai yi gaggawa ba, bai dubi kowa ba. Ya sa takalmi, ya ɗauki sandarsa. Sai da ya juya baya sannan ya yi magana, kamar da bishiyar kurna yake yi.

"Ni dai abin da na rantse a kai na sani. Na ce wani ba zai shiga ba. Ban tuna na ce wata ba za ta fito ba." Ya gyara hula. "Limaminmu ya tsufa, ba ya sauri. Baƙo, in na dawo ban same ka ba, Allah ya kiyaye hanya."

"Amin, Malam."

Tsohon ya yi taku biyu ya tsaya. "Duk inda ka sauka, ka yi wa masu gida ladabi. Kada a ce daga Zazzau ka fito ba ka iya cin tuwo ba."

Ya tafi, sandarsa na ƙwanƙwasa ƙasa har ta ɓace.

Asabarin ya motsa. Hannu ya fara fitowa, siriri, duk jijiya, riƙe da ƙullin tsumma mai zafi. Sannan ita. Ta ƙanƙance ƙwarai, har ba ta kai masa kafaɗa ba, garin gyaɗa a gaban zaninta, tana haki saboda daka. Ta tsaya daidai kan dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya a zaure.

Filibus ya zube a ƙasa. Duk maganar da ya tsara tun daga Wusasa, ta neman gafara, ta bayani, ta sallama, ba ko ɗaya da ta zo. "Inna," ya ce.

Ba ta dubi fuskarsa ba tukuna. Ta ajiye ƙullin a tabarma, ta dafa kafaɗarsa ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Ganin ƙarshe da ta yi wa ƙafarsa mai gyambo, a naɗe take da bandeji, ruwa na tsattsafowa.

"Mu ga ƙafar," ta ce.

Ya naɗe wando zuwa gwiwa. Tabon ya kai faɗin tafin hannu, fari-fari, sumul. Ta bi shi da yatsu tun daga sama har ƙasa, ta danna tsakiya, ta danna gefe, ta ɗago tana duban idonsa ko zai yamutsa fuska.

"Ba zafi?"

"Babu, Inna. Tun tuni."

"Ko da damina?"

"Ko da damina."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, irin ta wanda ya sauke kaya. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. A waje an yi tsawa ta farko, daga masallaci kuma aka ji liman ya ta da kabbara, a hankali, yadda aka ce. Ta saukar masa da wandon da kanta, ta ɗauki ƙullin dakuwar ta danƙa masa a hannu, ta ɗan bubbuga ƙwaurin sau biyu.

"To, tashi," ta ce. "Ƙafar za ta kai ka."